Ƙafafuna ne suka fara gaya min

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku tun bayan ƙaramar salla. Ba share ku na yi ba, ko wayar ma nauyi take min.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai koya wa mata ninƙaya a Gwarimpa. A bakin kogin Yawuri na tashi, da wannan sana'ar nake riƙe kaina da 'yata.

Ƙafafuna ne suka fara. Duk mai nutso ya san raɗaɗin nan da ke kama cinya idan ya daɗe a ƙasan ruwa. To ni sai na koma jin sa a kan matakalar gidanmu, ina riƙe da ledar tumatir.

Mu 'yan ruwa an koya mana cewa idan cinya ta yi zafi, lalaci ne, a ƙara himma. Sai na ƙara. Jinin al'ada kuwa da yake zuba kamar an kunna famfo, na ce ai haka mata suke.

Ranar da abin ya faru, na nutsa in ɗauko wa wata ɗaliba ɗan kunnenta. Na ga ɗan kunnen. Daga nan ban san komai ba.

Hajiya Talatu ce ta jawo ni da doguwar sandar da ake kwashe dattin ruwa da ita, dattijuwar da ta fi kowa tsoron zurfi a ajin. Wai tana ja tana salati tana zagina.

A asibiti aka ɗora min abin shaƙar iska, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Ƙari ne a mahaifa, shi yake ta shanye min jini a ɓoye.

Na tambayi likitar me ya haɗa mahaifa da cinya. Ta ce, "Jini ne ke kai wa naman jiki iska. Idan iskar ta yi kaɗan, naman yakan ƙona sukari haka nan ba ita. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, ga tsami yana taruwa, shi ya sa gajiya da zafi. Ke kina tafe a ƙasa, amma jikinki nutso yake yi."

Na ce ai ayu, dabbar kogin nan, yakan daɗe a ruwa, na gani da idona.

Ta yi dariya. "Shi idan ya nutse zuciyarsa rage gudu take yi, ya yi tattalin iskar da ya shiga da ita. Ke taki gudu take ƙarawa. Ke ba ayu ba ce, Malama."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Layin gwaji, neman masu ba da jini, kuɗin aiki da ya ci kayan ɗakina. Idan na yunƙura zan je banɗaki, nas ɗinmu Madam Ladi ta ce da irin Hausarta, "Anti, kwanta abinka, jininka bai kai ba tukuna." Wallahi na gaji. Na gaji da allura, na gaji da "ya jiki".

Amma abin da ya fi cin raina, ko ruwan bokiti na kalla sai gabana ya faɗi. Idan ba zan koma ruwa ba, me zan koma?

An yi aikin, alhamdulillah. Sai da na warke sosai likita ta ce in gwada, amma banda nutso, banda ni kaɗai.

Na gode wa mazajen ɗalibaina da suka ba da jini, da yayata da ta bar shagonta a Apo ta zauna da ni, da duk wanda ya yi min addu'a.

'Yan uwana mata, idan matakala ta fara ba ki haki, ko jini ya yi yawa, je ki a auna jininki. Kada ki shiga ruwa ke kaɗai, komai ƙwarewarki. Masu lafiya kuma ku daure ku ba da jini.

Jiya na koma. Na tsaya a bakin ruwa, ɗalibai suna kallona. Hajiya Talatu ta shiga har ƙugu, ta miƙo min hannu ta ce, "Taho a hankali, 'yar nan, ina riƙe da ke."

Na kama hannunta na shiga.