Ranar da Na Kira Sunan Ɗana a Gaban Surukata

Shekarun baya, muna zaune a wani gidan haya a Yalwawa, saura ƙiris a raba ni da ɗana na fari, kuma ba don mugunta ba.

Mu mutanen ruga ne tun asali, ko da yake ni a Dutse na yi karatu, maigidana kuma ma'aikacin gwamnati ne. Amma boko bai cire mana kunyar ɗan fari ba. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai ki bar wata ta ɗaga shi. Nawa kuma abin ya zama biyu, don sunan marigayi surukina aka sa masa. Saboda haka kowa da yadda yake kiransa. Babansa ya ce Abba, surukata ta ce Maigida, ni kuwa daga "kai" sai "yaron nan".

Ba ya amsa ko ɗaya, kuma ba ya kallon idon mutum. Da farko yabo ma ake yi, wai ga Bafulatanin asali, kunya tun a zanin goyo. Ni ma har kaina ya fara kumbura, ina ganin na iya tarbiyya, alhali ko tsinke ban ɗaga ba. Sai da sa'o'insa suka fara surutu har suna isar mutane, shi kuwa yana nan yana jera murafen robobi a bakin ƙofa, in aka taɓa ɗaya ya yi ta ihu har murya ta dishe. Injin markaɗen maƙwabta na tashi zai toshe kunne ya riƙa buga kansa da bango. Nan yabo ya koma tsegumi. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu su ce ni na yi yawon almuru da ciki.

Wata likitar yara ce ta gaya mana sunan abin, otizim. Ta ce ba aljani ba ne, ba kuma hauka ba, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsa, ƙara da hayaniya suna shigarsa fiye da yadda suke shigar mu. Babu allurar da za ta cire shi, amma yaron yana iya koyon abubuwa da yawa in an bi shi a hankali. Na daure na tambaye ta ko kunyar da nake yi masa ce ta jawo. Ta ce ko kusa, ko da tun ranar suna nake rera masa sunansa, haka zai zo. Sai dai yanzu yana bukatar suna ɗaya tak, kuma yana bukatar ya riƙa jinsa daga bakin wadda ta fi kowa zama da shi. Babansa ya ce to a tsaya kan sunan yanka, don shi za a kira a makaranta.

Ranar da na fara gwadawa sai da na kulle ƙofa na saki labule, kamar mai shirin sata. Harshena ya yi nauyi, na faɗa a hankali ina waige, kai ka ce marigayin zai ɗaga labule ya shigo. An daɗe ana haka kafin wata rana ya ajiye murfin da ke hannunsa ya juyo. Daga nan na gane in abin ya taso masa, in na durƙusa na rungume shi ta baya da ƙarfi ina maimaita sunan a kunnensa, yakan lafa. Duk wannan a cikin ɗaki ne, babu wanda ya sani sai babansa.

Surukata kuwa ta daɗe tana jira. A al'ada ɗan fari na kaka ne, tun yaye ya kamata ta ɗauke shi, muka yi ta kawo uzuri. Da za a yi bikin ƙanwar maigidana a ƙauyensu kusa da Jahun, sai ta aiko cewa mu taho da kayan Maigidanta, daga biki ba zai dawo ba. Ta ce birni ne ya lalata shi, a can ga nono ga malamai. Maigidana bai iya ce wa uwarsa a'a ba, bai kuma iya kallon idona ba. Ni kuwa na san ƙauyen. Na san rijiyar da ba ta da murfi, kuma na taɓa ganin wani yaro irin nawa a can an ɗaure masa ƙafa da igiya a jikin turke don kada ya ɓata. Mutanen ba azzalumai ba ne, iyakar dabararsu ke nan. Na haɗa kayansa a jaka ina kuka.

Ranar yinin biki da la'asar gida ya cika da mata. Aka kunna lasifika, wata ta rangaɗa guɗa daidai kansa. Sai ya zube ƙasa ya toshe kunne, ya fara buga goshi da turmi. Mata suka yi caa a kansa. Wannan ta riƙe hannu, waccan tana tofa masa addu'a, wata na cewa a kawo garwashi a yi hayaƙi, wata na cewa a nemo igiya. Duk wadda ta taɓa shi ƙara masa wuta take yi. Ni ina zaune a kan tabarma, ido duk a kaina, ana jiran a ga na sunkuyar da kai kamar yadda uwar ɗan fari take yi. Sai na ga jini a goshinsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ture matan, na durƙusa na rungume shi, na kira sunansa. Hayaniya ta hana shi ji, dole na ɗaga murya na sake kira, sunan mijin surukata, a tsakar gidanta, tana tsaye. Nan take aka kashe lasifikar. Na ji wata ta ce, "Lallai boko ya gama da mu." Ban saki ba, na ci gaba da kira har jikinsa ya saki, ya kwantar da kai a ƙirjina.

A haka aka watse. Na kwana da sanin na ƙara wa kaina laifi, yanzu ga hujja surukata ta samu cewa ban isa riƙon ɗa ba.

Da safe muna shirin tafiya ta aiko a kira ni ɗakinta. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ki yi haƙuri da abin da na yi jiya."

Jakar yaron na gabanta, sai ta turo mini ita da ƙafa.

"Ɗauki, ki tafi da ɗanki, 'yar nan," in ji ta. "Mijinki ba shi ne na fari ba. Na farin ƙyanda ce ta ɗauke shi yana fara tafiya. Yana kwance yana miƙo mini hannu, ɗakin cike da mutane, na kau da kai. Har aka kai shi ban taɓa kiran sunansa ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Yau ɗana ya zama saurayi. Maganarsa kaɗan ce, har yanzu ba ya son taro, kuma har yanzu akwai masu matsawa gefe in mun shiga adaidaita sahu. Ba na jin haushinsu kamar da, don na ga yadda mutanen kirki suke cutar da yaro suna zaton taimako suke yi. Ban kuma raina kunya ba, da ita aka raine ni. Amma duk uwar da ta zo mini da ɗa irin nawa, nakan ce mata ta bar mutane su faɗi abin da za su faɗa, ta je inda ɗanta yake.

Surukata ta rasu bara waccan. Da aka ɗaga gawarta aka fita, ɗana ya tsaya a bakin ɗakinta har rana ta faɗi, ya ƙi a rufe ƙofar.