Ganyen da Shirima Ya Kawo

Aikande ba ta da yawan magana, amma akwai ta da riƙo. Mutanen Machame sun san ta tun tana ɗaukar buhun dankali a ka, yau ga shi ita ce jagora, ita ke zaɓen 'yan dakon da za su raka baƙi hawan Kilimanjaro. Ba son dutsen ne ya zaunar da ita a wannan aiki ba. Shirima take jira.

Shirima ne jagora a shekarar da ƙanenta Elisante ya kama tari can sama, numfashinsa na sarƙewa. Shirima ya ce ragwanci ne, ya kore shi ƙasa shi kaɗai don kada ya yi asarar ɗan rakiya. Washegari aka tsince shi jingine da wani dutse a hanyar Shira, ya sandare. Ko gaisuwar mutuwa Shirima bai je ba.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Giyar ayaba ta cinye wa Shirima aiki, ya koma tsayuwa a bakin ƙofar dajin da ake fara hawa, cikin masu neman dako.

Ran nan da safe ana ta auna kaya a sikeli, Turawa na shafa mai a hanci suna ɗaukar hoto, sai ga tsoho Shirima ya ratso mutane, riƙe da ganyen isale a ƙulle. Duk Bachagge, wato ɗan ƙabilarsu, ya sani, wanda aka miƙa wa wannan ganye don neman gafara ba ya ƙi, in ya ƙi ya jawo wa gidansu masifa. Ran Aikande ya ɓaci ƙwarai. Wato da ganye ɗaya zai share jinin ɗan'uwanta, ya kuma samu aiki a kai!

"'Yata, ki dubi Allah," in ji Shirima. "Yunwa ce a gidana."

"Au, yau ni ce 'yarka, Baba? Ashe ka san hanyar zuwa wurina."

Ta sa hannu biyu ta karɓa, kamar yadda al'ada ta ce. 'Yan dako suka saki numfashi, Shirima har ya fara murmushi.

"Nawa na yafe," in ji ta. "Aiki ma ka samu. Kai mai sikeli, ba shi tukunyar gas."

Aka ɗora masa ita a kafaɗa, ya ranƙwafa don nauyinta. Aikande ta soke ganyen a igiyar kayan, ta ja ta ɗaure tamau.

"Amma ai ba ni ka kora ba. Mai haƙƙin yana can inda ka bar shi, ka san dutsen. Ka kai masa ganyen da hannunka."

"Haba 'yata, matacce ai ba ya karɓa."

"Sai ka zauna ka jira shi. Shi ma jira ya yi."

Shirima ya dubi sama inda gajimare ya rufe dajin, ya dubi tsohon takalminsa da ya yage a baki.

"Ƙirjina ba shi da kyau yanzu," ya ce a hankali. "In tari ya kama ni a hanya fa?"

Aikande ta saɓa jakarta, ta ɗaga wa baƙi hannu su taso.

"Ragwanci ne, Baba," ta ce. "Shige gaba."