Kifayen da Na Bari Na Tafi Wankan Jego

Da akwatunan gilashi biyu aka kai ni ɗakin miji. Ranar jere, matan ƙauyen suka bar kallon gado da kwanuka suka taru a kansu, kowa na leƙen ƙananan kifayen da ke yawo a ciki. Wata tsohuwa ta tambaye ni yaushe za su girma a ci. Na ce mata iyakar girmansu ke nan, kuma ba a cin su. Ta dube ni, ta dubi ta kusa da ita, ta ce, "To Allah ya kyauta, amarya ta zo mana da 'yan zaman banza."

A Kano na koyi kiwonsu, a shagon gwaggona mai sayar da kifin ado, lokacin da na gama sakandare ina jiran gurbin karatun da bai zo ba. Kifaye ne da ba su kai ɗan yatsa ba, masu faffaɗar wutsiya. Shekara da shekaru ina ware waɗanda wutsiyarsu ta fi ja ina haɗa su, ina fitar da sauran, har na sami iri nawa na kaina, ja wur mai baƙin zare a gefe. Ko a shagon gwaggo babu irinsa. Ba abu ba ne da za a shiga kasuwa a sayo madadinsa, kuma shi kaɗai ne abin da zan nuna in ce ni na yi shi da hannuna.

Gudummawar gwaggo a bikina wata 'yar na'ura ce mai kamar gidan sabulu. Tana da tsinke kamar alƙalami da ake tsomawa a ruwa, shi ke auna zafin ruwan da tsaminsa da yawan iskar da ke cikinsa. Ita ke kunna fitilar akwatunan da safe ta kashe da yamma. Tana da layin waya nata, saboda haka duk inda nake ina buɗe wayata zan gani. Idan komai daidai ne sai ta nuna kore, idan ruwa ya fara lalacewa ta nuna ja ta yi ta ƙara har sai an kula ta. A garin da ba ruwan kowa da wutar gwamnati, batirin sola ɗaya ke riƙe da ita da famfon da ke hura wa kifin iska.

Malam, mijina, shi ya hau rufi ya kafa solar da kansa. Manomi ne, yana ɗan taɓa sayar da takin zamani ranar kasuwar Gezawa. Ba shi da mugun hali, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya ganin ran mutum ya ɓaci a gabansa. A bayan idonsa kuwa, ko ran ya ɓaci ya ruɓe, wannan kuma tsakanin mutum da Ubangijinsa.

Da cikina na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ni gidanmu can wajen Minjibir, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Kafin in fita na zaunar da Malam gaban akwatunan na maimaita masa karatu har ya fara hamma. Abinci ɗan mitsitsi, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Kada a kashe famfon iska ko da wasa.

"Idan ta yi ja kada ka taɓa komai," na ce masa. "Ka kira ni kawai. Zan faɗa maka abin yi."

"Haba, sai ka ce wani yaro," ya ce. "Ki je ki haihu lafiya, 'ya'yanki suna hannuna."

Na haifi 'ya mace a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaji sai sun buɗe baki suke numfashi. Aka shiga wanka. Safe da yamma Inna, mahaifiyata, ta tafasa ruwa a babbar tukunya ta dinga tsula mini da ganye har in ji kamar fatata za ta saluɓe, in fito a miƙo mini kunun kanwa. Ba fita, ba aiki, daga ni sai jaririya sai bango. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne in na fito daga wankan safe in jawo wayata in duba kifina. Kullum kore.

Har mamaki na riƙa yi. Ni da nake tare da su, a irin wannan zafi sai na yi ta fama, da rana ruwa ya ɗumama, bayan an ba su abinci tsami ya ɗan motsa. Amma a hannun Malam awon ya miƙe sambal, yau kamar jiya. Maimakon in yi tunani, sai na hau yabo. Na riƙa miƙa wa Inna wayar ina cewa ta ga surukinta, ashe gwani ne yake ɓoyewa. Ita kuma ta karɓa ta ƙura ido kamar mai karantawa, ta ce, "Madalla, Allah ya yi masa albarka." Idan ya zo duba mu ya tsaya a zaure, ina tambayarsa sai ya ce, "Ba kina gani a wayarki ba?" Shi ke nan sai in yi dariya in shiga wani zancen.

Bayan arba'in 'yan rakiya suka mayar da ni. An yi ruwan farko, duk gonakin da suka kewaye gidajen sun cika da masu shuka, har gindin katangarmu. Na gaisa da surukata a tsaitsaye, ita ma ta amsa tana kallon wani wajen. Ban ko sauke goyo ba na ɗaga labulen ɗakina.

Fitilar tana kunne a kan akwatunan, lokacinta bai yi na mutuwa ba. Akwatunan kuwa a bushe suke ƙaƙas, an wanke su tas. A cikin ɗaya ma an zuba irin gyaɗa, don ɓera ba ya hawa gilashi. A kan teburin akwai wata kwalba cike da ruwa garau. An tsoma tsinken na'urar a ciki, an sa bakin famfon iskar, yana ta ɓulɓula wa kwalbar da ko sauro babu a cikinta. Na zaro wayata na duba, na ga kore.

Ban yi kuka a lokacin ba. Na fita na sallami 'yan rakiya da fara'a, na ba su ruwa, na raka su zaure. Da suka tafi na aika a kira mini Malam daga gona. Ya shigo da ƙasa a ƙafarsa, ya tsaya bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru.

"Ina kifina?" na ce.

Ya sosa ƙeya ya fara daga nesa. Wai ranar suna abokansa da dangi sun cika ƙofar gida, ga zafi, ga lasifikar da aka aro ba wuta. Sai yayansa ya ce a ɗauko batirin ɗakina, ai na yini ɗaya ne. Ya kasa ce wa yayansa a'a a gaban mutane. Ya kuma san da zarar famfo ya tsaya na'urar za ta yi ja ta kira ni, tunda ita tana da ɗan batirinta a ciki. Don kada hankalina ya tashi ranar farin ciki, sai ya ɗebo ruwan randa a kwalba ya mayar da tsinken can.

"Da yamma na dawo da batirin," ya ce. "Wallahi na dawo da shi. Na tarar duk sun taso sama suna buɗe baki. 'Yan kaɗan ne suka mutu a ranar."

"Sauran fa?"

Sauran sun ɗauki kwanaki suna mutuwa. Ya ga sun yi laushi, sai ya ɗauka yunwa ce, ya dinga zuba musu abinci da hannu cike kamar mai ba kaji tsaba. Ruwa ya yi fari ya fara wari. Kullum da safe ya tsame gawa. Bai mayar da tsinken ba don ya san ja zai nuna. Bai kira ni ba don zan tambayi dalili.

A nan ne zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Ba batirin ne ya kashe su ba. Da ya kira ni a daren sunan ko washegari, magana biyu ce: ya daina ba su abinci, ya kwashe rabin ruwan ya zuba sabo. Mafi yawansu da sun tashi. Abin da aka ajiye don ya yi mini magana idan ba na nan, shi ya fara toshe wa baki, sannan ya zauna yana kallon su suna ƙarewa. Bayan sun ƙare kuma bai huta ba. Kullum sai ya sauya ruwan kwalbar nan, ya ajiye ta inda rana ba ta kaiwa, ya duba famfo. Hidimar da ya yi wa kwalbar, da rabinta ya yi wa kifina da yanzu suna nan.

Na faɗa masa haka, ban rage komai ba. Ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Ai ni na so in faɗa miki. Tun da sauransu da rai na je na sami Inna. Ita ta ce kada in kuskura."

Na ɗauka mahaifiyarsa yake nufi. Ya ce a'a, tawa.

Ban iya kwana biyu da maganar a cikina ba. Na goya 'yata na hau mota na koma Minjibir. Na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar shuka. Tana ganin fuskata ta san abin da ya kawo ni, ba ta ma tsaya kewaye-kewaye ba.

"Ni na hana shi," ta ce. "Mai jego ba a kai mata mugun labari. Ranki ya ɓaci nono ya ɗauke, me za ki ba yarinyar? Kifin?"

"Inna, lokacin da ya zo miki ba su mutu duka ba. Da kun faɗa mini, daga kan gadon nan zan gaya masa abin yi. Ko tashi ba sai na yi ba."

"Ke dai kin fito lafiya, 'yarki ta yi ɓulɓul. Ki gode wa Allah." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Haka aka yi mini, ƙanina ya rasu ina jegonki, sai da na yi arba'in na ji. Ban mutu ba."

"Kin ji daɗin abin da aka yi miki?"

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba a tambayar wannan. Kuma gobe ma in kika sake haihuwa, haka zan yi."

Na san da gaske take, kuma na san don tana sona ne. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, don ba ni da inda zan kai ƙara. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce uwa ta yi daidai, miji ya yi hankali, ni ce mai neman rigima a kan kifin da ba a ci.

Gwaggo ta aiko mini da wasu kifayen daga shago, na karɓa don kada ta ji ba daɗi. Suna nan suna iyo, irin na kowa da kowa. Ja mai baƙin zaren nan ya tafi ke nan, ban kuma sake samun zuciyar farawa ba. Da Malam muna zaune lafiya, yana ba ni labarin gona ina amsawa.

Abin da bai gyaru ba tsakanina da Inna ne. Tsufa ya fara kama ta, ƙafa na damunta, wani lokaci har da jiri. Kullum ina kiranta, kullum amsarta ɗaya, "Lafiya lau, kowa lafiya." Da wannan muryar tata mai daɗi take faɗa, wadda na tashi ina yarda da ita. Sai in ce to madalla, in ajiye wayar, in zauna jim. Daga nan in ɗauki hijabina in fita bakin titi neman motar Minjibir, don in gani da idona.