Ranar da Yaya Bai Same Ni a Rediyo Ba

Shekara huɗu na yi ina kula da injinan wani ƙaramin gidan rediyo a yankin Dungass, kuma biyu daga ciki a faɗa da yayana suka ƙare, ba tare da mun haɗa ido ba.

Shi ne a kan aikin kafin ni. Da suka samu saɓani da darekta aka sallame shi, aka kira ni, ni kuma na karɓa ban ko je na gaya masa ba. Wannan laifina ne, na sani. Ya tattara ya koma Mallawa, ya sa layin Najeriya a salularsa bai ba kowa lambar ba, ya haɗa wata ƴar na'ura da tarkacen tsofaffin rediyoyi. Da mun buɗe tasha sai ya hau kan zangonmu, mutanen ƙauyuka ba sa jin komai sai shuuu, kamar ana suyar ƙosai.

Na matsa gaba kaɗan, ya biyo ni. Na koma baya, na tarar yana can yana jirana. Ba abin mamaki ba ne. A rumfa ɗaya Baba ya koya mana gyaran rediyo, duk dabarar da zan yi ya riga ni saninta.

Wani mushe, wato malamin boko, mai koyar da lissafi a Magaria ya ji kukana, ya ce, "Malam, akwai lissafi a kan irin wannan wasan. Muddin kai ke zaɓa, zai karanta ka. Ka bar wa ƙuri'a, kai kanka kada ka san inda za ka sauka."

Na rubuta zango biyar a guntayen takarda na zuba a hula, kullum da safe in ja ɗaya. Abin ya yi aiki. Kafin Yaya ya gama lalube mun ci rabin shiri. Na dinga hura hanci, sai ka ce wani yaƙi na ci. Sai dai tsofaffin da ba su taɓa murɗa rediyonsu ba tun ranar da aka saita musu, su ma suka rasa mu. Wata tsohuwa daga Kwaya ta tare ni a kasuwa ta ce, "Ɗan nan, kun rufe ne?" Na ce muna nan. Ta ce, "A ina?" Ni ma kuwa sai gari ya waye nake sani.

Baba ya rasu da hantsi, cikin damina, aka sa jana'iza bayan azahar. Babu mai lambar Yaya. Na ruga tasha kaina a ɗaure, hannuna ya shiga hula kamar kullum, na karanta sanarwar rasuwar sau uku, na fita. Sai a maƙabarta, ina duba sahu babu Yaya, na gane abin da na yi. Da na zauna a tsohon zangonmu, nan zai fara dubawa.

Washegari ya iso, wani ɗan kabu-kabu ne ya gaya masa. Ya zauna a bakin tabarmar zaman makoki, ya karɓi gaisuwar kowa. Da mutane suka ragu ya dube ni, babu faɗa a muryarsa, ya ce, "Jiya har azahar ina nemanka."

Bai ƙara hawa kan zangonmu ba. Ni ma bai ƙara yi mini magana ba.