Ƙarshen da Ba Ni Na Rubuta Ba

Har yau idan wata mai sha'awar rubutu ta tambaye ni ko ta saki labarinta a waya kafin a buga shi littafi, sai in yi tsuru-tsuru. Ba rowar shawara nake yi ba. Wallahi ban san amsar ba, ni da abin ya faru a kaina.

Ina koyarwa a wata firamare a Fagge na fara rubuta labarin. Labarin wa da ƙani ne, tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, da suka daina magana da juna a kan gidan gado. Idan na dawo gida Rijiyar Lemo na sauke tukunya, sai in zauna in danna shafi guda a waya, in tura wani guruf na mata masu karatu. Da farko ba mai tanka mini. Daga baya kuwa, in na yi lattin turawa har kirana ake yi, kamar abincin rana na hana su.

A cikin matan nan akwai wata Hajiya, matar wani Alhaji mai buga littattafai da ke da shago a bayan Kantin Kwari. Ita ta yi masa maganata, ya aiko in zo. Na ci ado na tafi, don tun ina 'yar makaranta burina ke nan, in ga sunana a bangon littafi.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, da ba ki saka labarin nan a waya ba, da ban san da ke ba. Kin yi dabara." Na fara murmushi. Kafin in rufe baki ya ƙara da cewa, "Sai dai kin yi kuskure babba. Wa zai sayi abin da ya riga ya karanta kyauta?"

Na ce, "To Alhaji, dabara na yi ko kuskure?"

Ya ce duka biyun.

Shawarar da ya ba ni ita ce in riƙe ƙarshen. In tsaya a inda wan yake kwance asibiti ya aika a kira masa ƙaninsa, in ce wa mata duk mai son jin yadda aka ƙare ta jira littafi. Haka na yi. Ranar na sha zagi, har da wadda ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni. Na daure, don na san abin da na ɓoye. A nawa ƙarshen ƙanin bai zo da wuri ba. Ya yi ta jan ƙafa, yau ciwon gwiwa, gobe baƙi, sai da ya iso ya tarar an fito da makara, ya bi bayan mutane zuwa makabarta. Wannan babin shi ne abin da na fi so a duk abin da hannuna ya taɓa rubutawa. Don shi na rubuta sauran.

Sai kuma aiki ya tsaya. Takarda ta yi tsada, injin mai ɗab'in da Alhaji ke kai wa aiki a Sabon Gari ya lalace, aka yi ta ce mini wata mai zuwa. Damina ta wuce muna nan.

Wata rana a ofishin malamai wata abokiyar aikina ta dafa ni ta ce, "Ke kam kin iya sa mutum kuka. Wurin nan da suka ci tuwo a kwano ɗaya, haba!" Na ce wane tuwo? Ta miƙo mini wayarta. Ga labarina nan an haɗe shi wuri guda daga farko har ƙarshe, ga sunana ɓaro-ɓaro a sama. Daga inda na tsaya wata baiwar Allah ta ɗora nata. Ta kawo ƙanin asibiti a kan lokaci, suka rungume juna, wan ya warke, aka ci tuwo. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ta iya ni. Gajerun jimlolina, yadda tsofaffina ke gyaran murya kafin su yi magana, duk ta kwashe. Akwai layin da na tsaya a kai ina tunanin ko dai ni na rubuta na manta.

Na koma guruf na ce wannan ba nawa ba ne. Wasu suka yarda, wasu suka ce salon talla ne. Amma abin ya riga ya wuce guruf ɗinmu, ya shiga wayoyin da ban san masu su ba. Na bi sawu, kowa ta ce turo mata aka yi. Har yau ban san ko wace ce ba. Ban ma tabbata mace ce ba.

Na tafi wurin Alhaji raina a ɓace. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ai wannan alheri ne, labari ya karɓu. Can kuma ya ce asara ce, don yanzu babu abin da muka riƙe. Ƙarshe dai ya ce mu buga da ƙarshen da mutane suka sani, ko Hajiya ma shi ta fi so.

Nan fa na tashi. Na ce, "Alhaji, da girmanka! In sa sunana a kan rubutun wata? Kuma in jefar da nawa?" Muryata har ta sa masu ɗaukar dilar atamfa a waje suna leƙowa. Ya ɗaga hannu ya ce in yi haƙuri, littafina ne, yadda na ce haka za a yi. Ya dai ce in tuna ya faɗa mini.

Aka buga da nawa ƙarshen. Ranar da na karɓo, a cikin adaidaita na buɗe shafin ƙarshe na karanta, na ji sanyi a raina. Na ce to, yanzu gaskiya ta fito, kowa zai gani.

Bayan 'yan makonni na kasa haƙuri, na tafi wani shagon littattafai a Sabon Gari don kawai in gan shi a kan kanta. Mai shagon bai san ni ba. Na ɗauki kwafi ɗaya ina jujjuyawa kamar mai shirin saye. Wata mata da ta zo sayen littattafan makaranta na yaranta ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Baiwar Allah, kada ki saya. Jabu ne."

Na ce, "Jabu kamar yaya?"

Ta ce ƙanwarta ta saya, ashe ɓarayin littafi ne suka buga, suka canja ƙarshen suka kashe tsohon. Ta ce marubuciyar ba ta da mugunta haka, duk wanda ya san rubutunta zai gane ba hannunta ba ne. Har tausayina take ji, wai ana cutar yarinya ba ta sani ba. Mai shagon ya sa baki ya ce lallai ya sha jin wannan ƙorafin.

Na buɗe baki in ce ni ce. To in ce ni ce wa? Wadda take kare wa mutunci, ko ɓarauniyar? Na mayar da littafin inda na ɗauko shi.

Ta zaro wayarta daga jaka ta ce, "Kawo lambarki in turo miki na asalin, kyauta."

Na karanto mata lambar.