Abin Da Aka Rubuta a Kan Maigidana

Ranar Laraba ce, ƙarshen bazara. Na tashi da asuba na share tsakar gida, na dama koko. Maigidana ya dawo daga masallaci ya sha a tsaye, yana mitar tsamiya ta yi kaɗan. Kullum sai ya yi mita, kullum kuma sai ya shanye. Dillalin awaki ne. Duk rugagen da ke kewaye da ƙauyenmu sun san shi, shi ma ya san su. 'Ya'yanmu mata biyu, Hadiza da Zulai, sun tafi rijiya.

Da hantsi muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kaji suka watse. Sai harbi daga gabas, wajen makarantar firamare. Wani ya kwarma ihu: "Ku fita! Ku yi daji!"

Maigidana ya ruga rijiya babu takalmi. Ya dawo riƙe da yaran, ɗaya a kowane hannu. Muka fasa dangar baya. Yana tura Zulai ta kafar, harsashi ya same shi a kwiɓi. Ya ce, "Kada ki tsaya!" Na tsaya. Tunda nake da shi ban taɓa ƙin bin maganarsa a fili ba sai ranar.

Gonaki fayau, ba a yi shuka ba, babu inda mutum zai ɓuya. Na rataya hannunsa a wuyana, Hadiza ta tallafe ɗaya gefen. Bayanmu hayaƙi, da kukan shanun da ake korawa. Da azahar muka faɗa wani busasshen rafi, muka kwantar da shi a inuwar gaɓa. Ya nemi ruwa. Ba mu da shi. Ana cikin la'asar ya yi kalmar shahada, ya cika.

Wasu dattawa uku suka iske mu, su ma gudu suke daga wani ƙauye. Ɗaya yana da fartanya. Suka ce ba a barin musulmi ya kwana a fili. Suka yi masa taimama, na ba da mayafina aka naɗe shi, suka sallace shi, suka haƙa gefen rafin inda yashi ke da taushi. Suka jera ƙaya a kai saboda karnuka. Ban tambayi sunansu ba. Ko fuskarsu ban ɗaga ido na kalla ba. Macen da mijinta ya mutu yanzun nan ba ta tsayawa tambayar maza daga ina suke.

Kafin magariba muka fita titi. Wani mai a-kori-kura ya kwashe mu zuwa Daura, gidan yayana Musa, kusa da Kusugu. Washegari na shiga takaba.

Wata huɗu da kwana goma ban leƙa ƙofar gida ba. Ashe ina zaune ina jan carbi, a can ana jan sunan mijina a ƙasa. Na fita takaba ke nan wata maƙwabciyarmu ta ƙauye ta zo gaisuwa, ta yi ta kwana-kwana, daga baya ta faɗa. Waɗanda aka kashe cikin gari an binne su a maƙabarta, kowa ya gani. Mijina ba a ga gawarsa ba. Ga shi mai shiga rugage. Sai 'yan sa-kai suka ce shi ne infoma, ya bi 'yan bindiga, ni kuma na ƙirƙiri mutuwarsa. Sun ce har a littafin 'yan sanda haka yake. Gidanmu ba mai komawa, 'ya'yana kuwa an riga an raɗa musu suna.

Ban yi kuka ba. Raina ne ya ɓaci, ɓacin da har yau bai sauka ba.

Malama Rabi, malamar firamare da ke haya a gidan yayana, ta ce doka ta ba kowa damar neman kwafin abin da hukuma ta rubuta. Ta rubuta mini takardar nema. Yaya Musa ya ce in rufa wa kaina asiri, mace ba ta ja da masu kaki. Na ce asirin ai an riga an tona, saura in ga da wane alƙalami.

Na hau mota zuwa ofishin 'yan sandan da ke kula da yankinmu. Kofur na kanta ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Mama, wa ya aiko ki?" Na ce ƙafata. Ya ce oga ba ya nan. Na dawo, aka ce mai makullin ɗakin fayil ya yi tafiya. Na sake dawowa, aka ce injin kwafi ya lalace. Daga nan na daina tafiya gida da wuri. Ina zuwa da tabarmata da butata, in shimfiɗa ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ofishin. Duk wanda ya tambaye ni me nake jira, sai in ba shi labarin tun daga koko, da murya yadda na ciki za su ji.

Wata Litinin wani sufeto mai furfura ya fito. "Shigo da ita!" Ya ba ni kujera, ya buɗe littafin, ya karanta mini da Hausa. An kashe mutum bakwai. An kore shanu. Sai layin mijina: ba a san inda yake ba, jama'ar gari suna zarginsa.

Na ce, "Yallaɓai, ni na san inda yake."

Ya ce in kawo shaidu. Na ce shaiduna dattawa uku ne da ban san sunansu ba. Ya rufe littafin. Na ce to a bi ni, a ga kabari.

Ya haɗa ni da kofur ɗin nan da babur. Muka isa rafin da rana tsaka. Damina ta riga mu. Ruwa ya ci gaɓar, ya shafe wurin sumul, babu ƙaya, babu tudu. Na yi sama na yi ƙasa har ƙafata ta yi kanta da laka. Kofur ya cire hularsa.

Da muka koma, sufeto ya ce babu abin da zai iya. Na ce akwai. Wanda ya rubuta zargin mutanen da ba su ga komai ba, zai iya rubuta maganar wadda ta rufe masa ido da hannunta. Ba zan tashi ba sai an rubuta. Ya dube ni, sannan ya jawo littafi. "Sunan mamacin, cikakke."

A wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Tun aurenmu ban taɓa ba, ko a bayan idonsa. Ranar na faɗe shi a gaban kanta, da na ubansa, har sau biyu don kada a yi kuskure. Na dangwala yatsa. Aka buga hatimi, aka ba ni kwafi.

Ba su goge layin farko ba. Ƙarƙashinsa suka ƙara: matarsa ta ce ya rasu a hannunta, an binne shi a bakin rafi. Na kai wa mai gari, na sa aka karanta a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ina tsaye daga nesa da 'ya'yana. Wasu sun sunkuyar da kai. Wasu har gobe ba sa amsa gaisuwata, ni ma na daina yi musu.

A takardar har yanzu mutum bakwai ne. Ni takwas nake ƙirgawa. Bakwai suna maƙabarta, 'yan'uwansu na zuwa su yi musu addu'a. Na takwas ɗin, idan Zulai ta tambaye ni inda yake, rafi kawai nake nuna mata.