Gwaggo Mai Salatif

Gwaggo ba gwaggon kowa ba ce a ɗakin bincikenmu, daɗewa ce ta ba ta sunan. Ta riga shugabanmu zuwa, ta riga rabin na'urorin. Tunda nake ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta tambaye ka me ka fasa. Mijinta tela ne, yakan ce ko allura ta ɓace masa ba ya faɗa a gida, don kada a yi rigima da maƙwabta.

Aikinta ɓare dutse da salatif. Wani baƙin dutse ne mai hawa-hawa kamar albasa. Takan manna, ta ɗaye, ta sake mannawa, har ta sami fallen da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak. Sai ta shimfiɗa shi a kan ɗan guntun silikon, irin na cikin kwamfuta, da bai kai farce ba, ta miƙo mini. Ni kuma in saki haske ya bi ta fuskar guntun, yana manne da ita, bai nutse ba bai tashi ba. Fallen ne ke juya hasken inda muke so. In ya yi kauri, hasken ya shaƙe a hanya. Ba a gane fallen kirki sai ta launi a madubin ƙara girma, wani shuɗi-shuɗi da da ƙyar ya bambanta da na guntun. Da wannan ido Gwaggo ta yi suna, da shi ta aurar da 'ya'yanta.

Bana sai guntayenta suka fara mutuwa a hannuna, hasken ba ya wucewa. Ta fara da zargin mai shara, wai yana tayar da ƙura. Ta koma kan mai kawo salatif, wai ya sauya gam. Daga nan ta dira kan sabuwar ma'aikaciyarmu, wadda muke kira Baƙuwa, har ta sa ta cire takunkumi ta goga mata farin ƙyalle a kumatu, ko hodarta ce ke zuba a kan guntayen. Ba a sami komai ba. Shugaba kuwa ya ce in abin ya ci gaba, zai mayar da Gwaggo ɗakin ajiyar kaya.

Ƙarshe zargin ya iso kaina. Wai ina musanya mata guntaye a hanya don Baƙuwa ta gaji kujerarta. Wallahi na ji zafi. Matar da ta yi jinyata da na haihu, ita ce yau take ce mini biri ya yi kama da mutum. Na daina gaishe ta, ita ma ko a jikinta.

Ran nan ta ce ba ta ƙara ba kowa amana. Ta ɓare, ta zaɓa, ta rungumo akwatin guntayen har ɗakina, ta tsaya mini a ka. Na saki haske. Bai yi nisa ba ya mutu. Sai ta ja hannuna muka koma wurin madubinta, ta ɗora guntun, ta daɗe tana leƙawa.

"Leƙa," ta ce. "Faɗa mini abin da kike gani."

Na leƙa. Falle ne mai kauri, launinsa har ya juya kore, wanda ko ɗan koyo ba zai ɗauka ba. Fushina ya tafi, tausayi ya kama ni. Na so in yi mata ƙarya, amma ƙaryar ba za ta tayar da hasken ba.

"Kore ne, Gwaggo."

"Kore?"

"Sosai."

Ta goge gilashin madubin, ta goge tabaraunta, ta sake leƙawa. Na ɗauka za ta ce na haɗa baki da wani. Sai ta zauna tana kallon hannuwanta, ta ce su dai ba su ci amanarta ba.

Washegari na tarar ta jawo kujera ta biyu kusa da tata. Ta kira Baƙuwa, ta nuna mata madubin da haɓa.

"Ni in ɓare, ke ki duba, 'yar nan," ta ce. "Amma ki faɗa mini gaskiya, don yanzu ba ni da yadda zan kama ki."